Kaka Joda da Shirun Ranar Juma'a

Daga Allah muke, kuma komai daɗewar mutum a bayan ƙasa wurinsa zai koma. Ranar Talata, 24 ga Shawwal 1446, wato 22 ga Afrilu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dakta Hammajoda Abdulhamid a gidansa da ke Inkil, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan la'asar. Ina rumfata ta walda a Ƙofar Dumi ina yankan ƙarfe, ƙanwata Ni'ima ta zo ta tsaya a kaina. Ta yi magana ban ji ba saboda ƙarar inji, sai da ta fizge wayar daga bango. Ta ce, "Yaya Mahfuz, Kaka Joda ya rasu." Na ce ta koma ta gaya masa wannan dabarar ba ta ci ba, ni na riga shi saninta. Sai na ɗaga kai na dubi fuskarta.

Ga wanda bai san mu ba, marigayin ƙanen kakata ne, Inna Khadijatu, wadda aka auro daga ruga ta zauna a cikin gari ta haifi mahaifiyata. Ni jikansa ne ke nan, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin kaka da jika. Tun ina yaro nake ɓoye masa takalmi a ƙofar masallaci. Duk ranar da na je Inkil sai na gaya wa matarsa Hajiya Bintu ta haɗa kayanta, na zo ɗaukarta, wannan tsohon ya gama aiki. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Ƙararrawa yake ce mini. Kuma ba ya barin bashin tsokana ya kwana. Ya taɓa aika ni ofishinsa na jami'a a Gubi in ɗauko masa saƙo mai muhimmanci, na sha rana na kinkimo buhu har gida, aka kwance sai ga dutse. Ya juya shi, ya ƙare masa kallo, ya ce ba wannan ba ne, ɗan'uwansa yake nufi.

Tsoho, yau ba ka da bakin ramawa, don haka ba zan ci zalinka ba. Zan faɗi abin da na sani a kanka yadda yake, kuma zan gaya maka inda aikin da ka bari ya tsaya, domin na san da za a ba ka damar tambaya ɗaya, ita za ka yi.

Ka sha gaya mini cewa sana'arka a bayan shanu ka fara koyonta. Idan kun kai su gindin duwatsu sai ka yi kuwwa, dutse ya maido maka da ita. Na kusa nan take yake amsawa, na nesa sai ya ɗan jinkirta. Ka ce duk karatun da ka yi daga baya bai wuce wannan ba, sai dai an juyar da kuwwar ta kalli ƙasa. A bugi ƙasa, bugun ya nutsa, duk inda ya tarar ta canja, daga yashi zuwa laka ko daga laka zuwa dutse, sai wani abu daga cikinsa ya dawo sama. A jera ƙananan na'urori a layi su saurari dawowar, kwamfuta ta auna jinkirin kowace amsa, ta zana hoton abin da ke ƙarƙashi ba tare da an sa diga ba. Na'urorin suna da sunansu na Turanci, amma kai kunnuwa kake ce musu, mu ma muka bi ka. Kowanne bai fi kwalbar turare ba, da tsinken ƙarfe a gindi da ake cakawa a ƙasa, duk a jone da doguwar waya.

Ƙuruciyarka ka yi ta tare da masu neman mai, a fadamun kudu da rairayin wajen tafkin Chadi, inda ake bugun ƙasa da nakiya ko da manyan motoci masu girgiza, ana sauraron abin da ke can ƙasa da nisa. Da ka dawo gida ka kama koyarwa a Gubi, sai ka koma kan guduma. Na tsokane ka na ce an rage maka girma, daga nakiya zuwa gudumar fasa dutse. Ka ce mai yana da masu nema masa da yawa, amma mutumin da zai zuba gumin shekarunsa a ramin rijiya ɗaya ko a harsashin gida ɗaya, shi ba shi da mai duba masa. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi sun san wannan magana ba ta baki ba ce. Sun ga tsohuwar motarka a gonakinsu ranakun Asabar, kuma ba ka taɓa karɓar abin da ya wuce ƙwaryar fura ba.

Ni na yanka maka farantin ƙarfen da ake ajiyewa a ƙasa a buga. Ranar da na kai maka shi na tambaye ka dalilin da ya sa ake maimaita bugu a wuri ɗaya. Ni allo kaɗai na yi, ban zauna a benci ba, kuma na saba da masu ilimin da za su ce mini ba zan gane ba. Kai ba ka ce haka ba. Ka ce in tuna makarantarmu da safe, kowa yana karanta allonsa, ba a jin na kowa. Amma idan malam ya ja baki aka haɗu a kan aya ɗaya, har bakin titi ana rarrabe kowane harafi. Ka ce bugu ɗaya yaro ɗaya ne. Idan aka tara su da yawa, amsar gaskiya tana ƙara ƙarfi domin kullum iri ɗaya take dawowa, hayaniya kuwa kowace da inda ta nufa. Tun daga ranar, duk fitar da za ka yi sai ka biyo ta rumfata, ni nake ɗaga maka guduma.

Sharaɗin aikin guda ne: idan za a buga, kowa ya tsaya cak. Ba tafiya, ba gyara tsayuwa. Wata rana a wani fili a Gubi na ga ka duƙufa a kan kwamfuta ka ba ni baya, ɗalibinka John yana bugu, sai na riƙa ɗan taɓa ƙasa da diddige, a hankali yadda ko tururuwa ba za ta farga ba. Ba ka waiwaya ba. Ka ce wa ɗalibarka Gift, "Rubuta cewa mun gano wata dabba a kusa da kunnen ƙarshe. Tana da ƙafa biyu, ba ta da aikin yi." Duk suka fashe da dariya, ni ma na yi. Amma a nan na yarda cewa ƙasa tana jin abin da kunnen mutum ba ya ji.

Waɗannan ɗaliban biyu su za su fi ni ba da labarin kirkinka. Da azumi, kana ɗauke da naka, sai ka tsayar da mota a bakin hanya ka sa su sauka su ci abinci, ka ce ba za ka ɗauki alhakin 'ya'yan mutane ba. Kuma su za su shaida wata kalma da ba ta barin bakinka. Kowa ya matsa maka ka faɗa masa abin da ke ƙarƙashin filinsa kafin ka gama aune-aune, komai girmansa, amsarka ɗaya ce: "Ban ji ba tukuna." Ka ɓata da mutane a kan wannan kalma, ba ka kuma sake ta ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A unguwarmu akwai makarantar Malam Abdulmuhaimin, inda na yi nawa karatun, inda kuma yau kusan duk yaran lungunanmu suke zuwa. Bangon ɗakin baya ya daɗe yana tsagewa. A cike, a shafe, damina ta wuce ya sake buɗewa. Wasu suka ce magini ne bai iya ba, wasu suka ce abin da suka saba cewa idan gini ya ƙi zama. Ana nan sai Alhaji Bashir, shugaban kwamitin makarantar kuma abokin marigayi tun na ƙuruciya, ya tashi tsaye ya samo bulo da rodi da siminti don a ɗora bene a kan ginin. Ba mugun nufi gare shi ba. Yara sun yi wa ɗakunan yawa, rabinsu a rumfar kwano suke zama, kowace damina ruwa ya kore su.

Inna Khadijatu ce ta fara cewa lokacin da aka kawo ta amarya akwai kududdufi a wajen nan, inda ake ɗibar ƙasar gini, daga baya aka yi ta zuba masa shara har ya cike aka manta. Aka tambayi tsofaffi, bakinsu ya rabu. Wani ya rantse a bayan makarantar yake, wani ya ce a ƙarƙashinta. Kaka Joda ya ce a dakata. Idan ginin yana kan dutse, a ɗora bene biyu ma in ana so. Idan rabinsa yana kan tsohon juji, nauyin bene da ruwan damina za su haɗu a kansa, kuma yara ne a ciki. Ya ce zai ja layi biyu na kunnuwa, ɗaya ta lungun da ke gefen makarantar, ɗaya kuma ya ratsa ta tsakar gidan makarantar, a ga bakin ramin da gindinsa.

Gwajin farko abin dariya ne, kodayake kai ba ka yi dariya ba sai da muka koma mota. Mai unguwa ya sa an yi shela cewa Dakta zai saurari ƙasa, kowa ya yi shiru. Mutanenmu kuwa suka yi biyayya yadda suka fahimta. Kowa ya rufe bakinsa. Maza suka taru suna zagaye mu da sanɗa, suna yi wa juna nuni da hannu, kowa yana so ya leƙa kwamfutar. Mai markaɗe ya kashe rediyonsa ya bar injin yana gudu. A cikin gidaje kuma labari ya bazu cewa kunnuwan Dakta suna ɗaukar hirar mutane, don haka mata suka bar magana gaba ɗaya, suka mai da hankali kan daka. Ban taɓa jin Ƙofar Dumi ba muryar ɗan Adam irin ranar ba, kuma ƙasa ba ta taɓa shan duka irin na ranar ba. Abin da ya fito a kwamfuta kamar kaji sun yi tonon tsaba. Ka ce mini, "Ƙararrawa, danginka ne duk unguwar nan."

Kai ne ka gano mafita. Ka ce akwai lokaci guda a mako da maƙera suke ajiye guduma, masu babura suke fita daga lungu, injuna suke mutuwa ba tare da an roƙi kowa ba, wato lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a. Ni da kai ba za mu bar salla ba, amma John da Gift ranar Lahadi ce tasu. John ya karɓi guduma, Gift ta zauna a kan kwamfuta. Saura turame, su kuma suna cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Hajiya Bintu da Ni'ima suka bi gida gida, suna bayani cewa kunnuwan ba ruwansu da hira, a yi ta magana har a gaji, taɓarya kawai za a jingine kuma a zaunar da yara. A wannan Juma'ar, layin farko ya fito tsaf. Ka nuna mini dutse yana tafe kusa da sama tun daga bakin lungu, da aka doshi bayan makarantar sai ya fara gangarawa ƙasa. Alhaji Bashir ya ce, to, ramin a baya yake ke nan, a fara gini. Ka ce masa ba ka ji ba tukuna, sai an ja layi na biyu. Kafin a ja shi ciwo ya kwantar da kai.

A wurin zaman makoki na ji ana cewa magina za su fara aiki washegarin addu'ar bakwai. Hadari ya fara haɗuwa da yamma, siminti ba ya jiran damina, mai auna ƙasa kuma ya tafi. Na je na durƙusa gaban Alhaji Bashir na ce masa saura layi ɗaya, ɗaliban Dakta sun iya, a ba mu Juma'a ɗaya. Ya dafa kaina ya ce, "Mahfuz, yau ba ranar wasa ba ce." Na je wurin mai unguwa, ya yi murmushi tun kafin in buɗe baki. Na je wurin maƙera, suka ce me kuma na ƙulla. Tsoho, ka ga inda halina ya kai ni. Mutumin da ya shekara yana sa wa mutane ƙadangaren roba a aljihu, ranar da ya zo da maganar rai da mutuwa ba wanda ya ɗauke ta da nauyi. John da Gift kuwa baƙi ne a unguwar, ba su da bakin da za su tsayar da kwamiti.

Na zauna na yi tunani. Tun da wasa kaɗai aka yarda na iya, to da shi zan shiga. A gidajenmu akwai al'adar da ta kusa mutuwa, malamai da yawa ma ba sa son ta. Idan tsoho ya rasu ya bar jikoki, ranar bakwai sukan sa tufafinsa su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su kama wani abu su riƙe, ba sa saki sai manya sun fanshe shi da abin da suka roƙa. Tun ranar rasuwar, 'yan'uwa suke zuba ido su ga irin wanda zan yi, ni kuwa na ce ba zan iya ba, ko malfarka na gani a rataye sai in kau da kai. Amma ranar bakwai, da aka shafa addu'a a Inkil, na shiga wurin Hajiya Bintu na roƙe ta malfar da manyan takalmanka na daji. Ta dube ni. Ta ce, "In dai don aikinsa ne, ɗauki. In don a yi dariya ne, bar mini kayan mijina." Na ce don aikinsa ne.

Na tattara jikoki, manya da ƙanana, muka riga mutane isa Ƙofar Dumi. Muka hau kan tulin bulon makaranta muka zauna, ni a can sama da malfa da takalma, guduma a kan cinyata. Da Alhaji Bashir ya iso da sauran dattawa, na sauko ina ɗingisa ƙafar hagu yadda kake yi, na sa hannu a bayan kunne na duƙa kamar ina sauraron ƙasa. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai suna share ido. Alhaji ya tsaya, ya ce, "Kai, ja'irin yaro, har muryar tasa?" Abokin kaka ai kaka ne, ya san dokar wasan. Ya sa hannu a aljihu ya ce, "To, jikoki, me za a ba ku ku sauka?"

Na ce, "Mai da hannunka, Alhaji. Bulon nan mun kama shi. Fansarsa Juma'a ɗaya. Kada a ɗora ko guda sai an ja layi na biyu, kuma kai da bakinka za ka gaya wa unguwa ta tsaya."

Ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da jikoki suke roƙa."

Na ce, "Shi ma wanda ya mutu ba ya cikin irin kakannin da aka saba."

Ya juya wurin Malam Abdulmuhaimin, wanda kowa ya san ba ya son wannan al'ada, yana neman ya tsawata mana. Malam ya dubi bulo, ya dubi bangon ɗakin baya, ya ce shi yau idonsa ba ya gani sosai. Sai Alhaji ya ce, "Hammajoda, ka mutu ma ba ka bar ni na huta ba. Na ba ku Juma'ar. Ku sauka kafin ku fasa mini bulo."

Ya cika alkawari. Shi da kansa ya bi rumfunan maƙera da mai markaɗe da masu janareto. Hajiya Bintu tana takaba ba ta fita, sai Ni'ima da 'yarka Juwairiyya suka bi gidaje. Ranar Juma'a da hantsi muka jera kunnuwa tun daga ƙofar makaranta, ta tsakar gida, ta gefen ɗakin baya, har cikin lungun da ke bayansa. Na cake kowanne da hannuna, na taka shi ya zauna yadda ka koya mini. Sannan na miƙa wa John guduma na tafi masallaci. Ban taɓa jin huɗuba ta yi mini tsawo irin ta ranar ba. Ina zaune a sahu ina roƙon Allah kada wata akuya ta tsinke, kada wani baƙo ya shigo lungu da babur. Ni'ima ta gaya mini daga baya cewa mata sun zauna a tsakar gidajensu da yara a cinya, ana jin bugun John ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen unguwa, kuma wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinka ba tana yi maka addu'a a kan kowane bugu.

Gift ba ta yarda ta ce komai a ranar ba. Ta koma Gubi da abin da aka ɗauka, ta zauna a kansa tare da wani abokin aikinka, sai da suka tabbatar sannan ta dawo. A zauren Malam ta buɗe kwamfutar gaban kwamiti. Ko ni da ban yi boko ba na gani. Layin dutsen ya taho a miƙe daga ƙofa, yana isa tsakiyar tsakar gida sai ya lotsa kamar gindin ƙwarya, bai sake tasowa ba sai a cikin lungun baya. Ɗakin baya gaba ɗayansa a kan ramin yake zaune, da wurin da aka shata za a kafa ginshiƙan bene na wannan ɓangaren. Ta ce abin da ya cika ramin ba ƙasar kirki ba ce, bugu yana tafiya a cikinsa a hankali kamar a cikin katifa.

Alhaji Bashir ya matso ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har inda ya lotsa, ya tsaya a nan. Jikokinsa uku a wannan ɗakin suke karatu. Ya cire tabarau ya ce a sallami magina, ba za a ɗora komai a kan wannan ba. Malam kuma bai jira kwamiti ba. Da yamma ya sa muka kwashe alluna da tabarmi daga ɗakin baya, ya sa masa kwaɗo, aka raba yaran tsakanin zaurensa da na maƙwabta. Ruwan farko ya sauka a makon nan, tsagar ta ƙara buɗewa har hannuna yana shiga, kuma ba yaro ko ɗaya a ƙarƙashinta.

Aiki bai ƙare ba, kuma ba zan yi kamar ya ƙare ba. Yara suna cunkushe a zaurukan mutane, bulo yana jibge, Alhaji yana da gaskiya da ya ce ba za su shekara a haka ba. Akwai filin gaban makaranta inda ake zaton dutse yana kusa, amma zato ne, ba a ji ba tukuna. John da Gift sun ce za su zo duk Juma'ar da aka kira su har a samu wurin da zai ɗauki ginin. Ni kuma na ɗauki tsayar da unguwa a wuyana. Yanzu idan na shiga rumfa na ce ranar Juma'a za a buga, ba mai tambayata me na ƙulla. Don haka mutanen Ƙofar Dumi, wannan Juma'ar ma muna roƙo. Wanda zai tafi masallaci ya kashe injinsa kafin ya fita, iyayenmu mata a jingine taɓarya a riƙe yara. Ba za mu daina ba sai yaran nan sun koma ƙarƙashin rufin da ba a tsoron sa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Bintu, wadda daga yau na daina yi mata wasan da na saba, domin wanda nake yi don ya ji ba ya nan. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa, Hafizu da Juwairiyya da ƙannensu, da yayarsa Inna Khadijatu wadda ta goya shi kuma ta ga tafiyarsa, da Alhaji Bashir da ya rasa abokin gardama, da John da Gift da dukan ɗalibansa na Gubi, da mutanen ƙauyukan da suke shan ruwan rijiyoyin da ya nuna wurin haƙa su. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, bawanka Hammajoda ya zo gare ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Kowane harafi da yaran makarantar nan za su karanta cikin aminci, ka sa masa rabo a ciki. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayensa, mu kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Mahfuz mai walda,
Ƙofar Dumi, Bauchi.